Ku Tambaya Mu Amsa: Me ke ture sararin samaniya, kuma da wane lissafi ake bin sawunsa?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa a wannan fili. Saƙonnin da suka shigo wannan karon kusan duk kan abu ɗaya suka faɗa, wato sararin samaniya da lissafin da ake yi a kansa, sai na tsamo guda huɗu waɗanda naga amsarsu zata wadatar da sauran. Wanda bai ga tasa ba yayi haƙuri.

Tambaya: Malam barka da aiki. Ni ɗalibin lissafi ne ɗan aji biyu a jami'a. Naji ana cewa wai kashi 68 cikin ɗari na abinda ke sararin samaniya wani abu ne da ake kira dak enaji, ba'a ganinsa ba'a taɓa shi. Toh abinda ba'a gani ba ta yaya har aka auna shi aka ce 68? Ni dai abin yayi min kama da shaci-faɗi. Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Ƙanena tambayarka a kan hanya take, kuma naji daɗi da ta fito daga ɗan lissafi don amsar a gidanku take. Bari in fara maka da labari na gaske. A shekarun 1840 masana taurari sun daɗe da lura cewa duniyar Yuranus bata bin hanyar da ƙa'idar Newton ta shata mata, tana ɗan kaucewa. Wani Bafaranshe mai suna Urbain Le Verrier ya zauna da alƙalami da takarda yace dole akwai wata duniyar can bayanta da take fizgarta, ya lissafa inda ya kamata ta kasance, ya aika wasiƙa Balin. Ranar 23 ga Satumba 1846 wasiƙar ta shiga hannun Johann Galle, a daren ranar ya saita madubin hangen nesa sai ga Naftun kusan daidai inda aka ce masa ya duba. Kaga kenan an auna abu kafin a gan shi, yadda maharbi ke gane girman dabba daga sawunta.

Ɓoyayyen makamashi, wanda kaji ana ce wa dak enaji, shima da sawunsa aka san shi. Tun 1922 wani Barashe Alexander Friedmann ya fitar daga lissafin Einstein cewa sarari ba zai tsaya cak ba, ko dai yana buɗewa ko yana tsukewa, Georges Lemaître ɗan Beljiyam ya sake gano hakan a 1927, sannan a 1929 Edwin Hubble ya nuna a awo cewa galaksi, wato manyan garken taurari irin wanda ranarmu ke ciki, suna nisantarmu kuma wanda ya fi nisa ya fi gudu. Ka samu robar ɗaurin kaya irin ta tsohon tub ɗin babur, ka ɗiga mata alama da biro duk bayan taƙi ɗaya, ka ja. Alamomin basu motsa daga inda ka ɗiga su ba amma tazarar da ke tsakaninsu ta ƙaru, kuma ta can ƙarshe ta fi ta kusa da hannunka saurin nisa. Haka abin yake.

Kowa ya ɗauka wannan buɗewar tana rage gudu, saboda ƙarfin da ke sa mangwaro ya faɗo ƙasa, wanda wasu ke ce wa maganaɗisun ƙasa duk da ba maganaɗisu bane, ni girabiti zan riƙa cewa, aikinsa janyowa ne, in ka cilla dutse sama ai raguwa gudunsa yake. Sai a 1998 wasu rukunin masana guda biyu masu gasa da juna, ɗaya ƙarƙashin Saul Perlmutter ɗayan kuma su Brian Schmidt da Adam Riess, suka je auna yawan raguwar. Sun yi amfani da wani nau'in tauraro da ke fashewa da haske kusan iri ɗaya a ko'ina yake, kamar ace duk baburan gari fitilarsu ƙarfi ɗaya ce, in ka hango wata ta dushe da dare ka san tana nesa har ka iya cewa nisan kaza ne. Suka tarar fashe-fashen nesa sun fi dushewa fiye da yadda lissafi yace, ma'ana sun fi nisa, ma'ana buɗewar ƙara gudu take ba raguwa ba. Dutsen da aka cilla sama yana ƙara mai. A kan wannan aka basu kyautar Nobel a 2011.

Shi kuma 68 ɗin ga inda ya fito. Akwai wani tsohon haske da ya cika sama tun sarari yana da shekara kamar 380,000, tauraron ɗan'adam na Planck da Turai ta harba a 2009 ya auna shi sosai, awon ya nuna shimfiɗar sarari miƙaƙƙiya ce bata lanƙwashe ba, kuma a lissafin Einstein hakan na faruwa ne kawai in jimillar abinda ke ciki ta kai wani adadi sananne. Ka kira adadin ɗari. Aka ƙirga duk abinda ke da nauyi, irin namu da aka yi mutum da dutse da tauraro dashi kashi 5 ne, wani mai nauyi da baya haske kashi 27, jimilla 32. Saura 68. Abinda ya sa masana suka yarda shine fashewar taurarin can, wadda hanya ce daban gaba ɗaya, ita ma kusan wannan adadin ta bayar. Kuma abin siriri ne ƙwarai, in ka auna fili mita ɗaya tsawo da faɗi da zurfi abinda ke ciki bai wuce nauyin ƙwayar atam uku zuwa huɗu na haidirojin ba, shi yasa baka jinsa a ɗakinka, amma sarari yawa gareshi kuma mafi yawansa wayam ne.

Inda nake tare da kai shine, auna abu daban sanin ko menene daban. Har yau sunan nan laƙabi ne aka sa wa abinda ba'a gane ba. A lissafi harafi ɗaya ne, Lamda, wanda Einstein ya saka da hannunsa a 1917 daga baya ya cire. Da masana ƙananan ƙwayoyin halitta suka gwada lissafa ƙimarsa daga nasu ilimin, amsar da lissafin farko ya basu ta zarce abinda aka auna da ninki mai sifili kusan 120. Wannan giɓin yana nan ba'a cike shi ba.

Tambaya: Malam ina koyar da fiziks a sakandaren 'yan mata. Ɗalibaina sun kawo min wani bidiyo na TikTok wai an ƙirƙiro sabon lissafi da ya nuna babu wani ɓoyayyen makamashi, kuma wai Einstein yayi kuskure. Sun tsare ni da tambaya, dan Allah me zan ce musu? Daga wata malama a Katsina.

Amsa: Malama Allah ya saka miki da alheri da baki kore su da tsawa ba. Ki fara basu ƙarashen labarin Le Verrier na sama, don yana da kashi na biyu. A 1859 shi dai wannan mutumin ya lura duniyar Makyuri ma tana ɗan kaucewa, kaɗan ƙwarai, sai ya sake irin dabararsa yace akwai wata duniyar ɓoye kusa da rana, har suna aka raɗa mata, Vulcan. An shekara da shekaru ana nema ba'a ganta ba don babu ita. Wannan karon ƙa'idar Newton ce ta gaza, sai a Nuwamba 1915 da Einstein ya kammala nasa lissafin, wanda yace girabiti lanƙwasar sarari da lokaci ne, kaucewar Makyuri ta fito daidai ba tare da an ƙara komai ba. Mutum ɗaya, dabara ɗaya, sau ɗaya ta ci sau ɗaya ta faɗi. Toh yau ma a wannan mararrabar ake tsaye, ko dai akwai abu a ɓoye kamar Naftun, ko kuma lissafin ne ke buƙatar gyara kamar na Makyuri, kuma masu neman gyaran masana ne na gaske ba 'yan tasha ba.

Ban ga bidiyon ba amma ina kyautata zaton maganar David Wiltshire ce na jami'ar Canterbury a ƙasar Niyuzilan, don a ƙarshen 2024 shi da abokan aikinsa sun fitar da nazari kan fashewar taurari sama da 1,500 wanda ya zaga kafafen labarai. Hujjarsu tana da daɗin fahimta. Lissafin Einstein jeri goma ne a sarƙe da juna, ba mai iya warware su da hannu in ba an sauƙaƙa ba, shine Friedmann yace mu ɗauka komai a baje yake daidai wa daida ko'ina, sai goman nan suka koma biyu. Wato an ɗauki sarari kamar furar da aka dama ta yi lumui. Amma in kin duba taswirar galaksi ba haka take ba, fura ce da ba'a gama damawa ba, ga gudaji nan cure a wuri ɗaya ga kuma tsararon nono fili guda ba komai. Kuma a ƙa'idar Einstein agogo yana tafiya a hankali inda nauyi ya taru, yana sauri inda babu. Sai Wiltshire yace mu da muke zaune cikin gudaji agogonmu ya fi na wayam ɗin can jinkiri, in muka ɗauki namu muka auna sarari duka dashi zamu ga kamar ana ƙara gudu alhali bambancin agogo ne. Tun 2007 yake kan wannan magana.

Tambayar da ya tayar ta gaske ce, shin in ka fara baje abu sannan ka lissafa, daidai yake da ka lissafa sannan ka baje? A lissafi mai sarƙa irin wannan amsar ita ce ba lallai ba. Rigimar a kan girman bambancin take, mafi yawan masana da suka lissafa sun ce ƙarami ne bai isa ya maye gurbin kashi 68 ba, kuma tsarin da ake kai yanzu da lambobi shida kacal yake fitar da zanen tsohon hasken nan na Planck tudu da kwari, duk wanda yazo da sabo sai ya yi wannan ma, ba fashewar taurari kaɗai ba.

Akwai kuma masu cewa a taɓa ita ƙa'idar girabitin kanta, a ƙara mata wani abu da baya bayyana sai a nisa mai tsananin yawa. An rubuta irin waɗannan da yawa, wasu lissafinsu gwanin kyau. Ki ba yaran labarin ranar 17 ga Agusta 2017. Wasu matattun taurari biyu masu masifar nauyi suka yi karo a nisan da haske ke shekara kamar miliyan 130 kafin ya iso mu, girgizar sarari da karon ya haifar ta iso na'urorin LIGO a Amurka, bayan daƙiƙa 1.7 sai ga hasken karon ya iso taurarin ɗan'adam. Tseren shekara miliyan 130 aka ƙare da ratar da bata kai daƙiƙa biyu ba, ma'ana girgizar girabiti da haske gudunsu ɗaya kamar yadda Einstein yace. Da yawa daga sababbin ƙa'idojin can sun ce gudun zai bambanta, wannan awon guda ɗaya ya kwashe su. Wallahi duk sanda na tuna wannan sai tsigar jikina ta tashi.

Abinda ni nafi sa wa ido shine na DESI. Na'ura ce a kan dutsen Kitt Peak a jihar Arizona, tana da ƙananan idanu 5,000 da mutum-mutumi ke saita kowanne kan galaksi ɗaya a lokaci guda. Ma'auninsu wani zobe ne, kamar kin jefa dutse a kududdufi zoben ruwa ya buɗe sai ruwan ya daskare nan take, haka amon da ya ratsa sarari yana jariri ya bar zobe mai faɗin tafiyar haske ta shekara kusan miliyan 490 daga tsakiya zuwa baki, kuma har yau galaksi sun ɗan fi yawa a wannan tazarar. In an auna girman zoben a zamani daban-daban sai a karanta tarihin buɗewar. A Maris 2025 suka fitar da sakamakon galaksi da makamantansu sama da miliyan 14, da aka haɗa da sauran awo sai alama ta nuna kamar ɓoyayyen makamashin yana raguwa da ƙarfi, ba tsayayye bane kamar Lamda. Ƙarfin alamar a ma'aunin da ake kira sigma tsakanin 2.8 ne da 4.2 gwargwadon bayanan da aka haɗa, su kuma masana basa cewa an gano abu sai ya kai 5.

Don haka ki ce musu ba'a kayar da Einstein ba, shi Wiltshire ma da lissafin Einstein ɗin yake aiki, cewa yake a yi shi ba tare da sauƙaƙawa ba. Amma ƙofar a buɗe take da gaske, kuma na'urar Euclid da aka harba ranar 1 ga Yuli 2023 da sabuwar cibiyar Vera Rubin da ke ƙasar Cile suna tara bayanan da zasu taimaka a raba gardamar, wataƙila kafin yaran nan su gama jami'a.

Tambaya: Ranka ya daɗe ni sana'ata rubuta manhajar kwamfuta. Naji ance masana suna gina sararin samaniya na ƙarya a cikin kwamfuta, ya ake yi? Kuma wannan ƙirƙirarriyar basira da ake yayi ba zata warware musu matsalar ba kawai a huta? Daga Kano.

Amsa: Ɗan'uwa kai zaka fi kowa gane wannan. Tunda ba'a iya maimaita halittar sarari a ɗakin gwaji, sai a zuba ɗigo-ɗigo masu nauyi a cikin akwati na lissafi, a basu yanayin farko irin wanda tsohon hasken nan ya nuna, a ce kowane ɗigo ya ja kowanne, a matsa lokaci gaba kaɗan a sake lissafi, haka haka har shekara biliyan 13.8. Wahalar ita ce in ɗigo biliyan ne kuma kowanne sai an haɗa shi da kowanne aikin ba zai ƙare ba, shine ake dunƙule na nesa a ɗauke su kamar abu ɗaya, na kusa kaɗai ake bi ɗaya bayan ɗaya. Wanda aka yi a Jamus a 2005 mai suna Millennium ɗigo biliyan 10 ne da ɗoriya, wanda aka yi wa Euclid a Suwizalan ya kai tiriliyan 4. In an gama sai a kwatanta saƙar da ta fito da taswirar gaske, a canza yawan ɓoyayyen makamashi ko ƙa'idar girabiti a sake.

Wani misalin da nake so shine na baƙaƙen ramuka, wato wuraren da nauyi ya cure har ko haske baya iya kuɓucewa daga cikinsu. Shekaru da dama duk wanda ya sa kwamfuta ta lissafa biyu suna zagaya juna har su haɗe sai manhajar ta watse lambobi su haukace, ba don injin yayi kaɗan ba, yadda aka rubuta lissafin ne yake sa ƙaramin kuskure ya riƙa ninkuwa. A 2005 Frans Pretorius, haifaffen Afirka ta Kudu, ya sake fasalin rubutun sai ya tafi lafiya har ƙarshe. Bayan shekara goma, ranar 14 ga Satumba 2015, LIGO ta kama girgizar farko, aka ɗora ta kan zanen da kwamfuta ta riga ta fitar suka hau juna. Ƙa'idar bata canza ba ko kaɗan, hanyar warware ta ce sabuwa, kuma yawancin abinda ake kira sabon lissafi a fannin nan irin wannan ne.

Ita kuma basirar ana amfani da ita sosai. Kwaikwayo ɗaya babba yana cin lokaci da wuta mai yawa alhali ana buƙatar gwada haɗin lambobi dubbai, sai a yi wasu ɗaruruwa na gaske a koya wa manhaja dasu, daga nan ta riƙa hasashen sauran cikin ƙiftawar ido. Amma abinda aka koya mata shi ta sani. In duk misalan da ta gani an gina su kan Lamda ne, ranar da sama ta nuna wani abu daban zata iya lanƙwasa shi ta mayar dashi Lamda kuma ta baka amsa da cikakken ƙarfin hali, shi yasa ake ta aikin gwada ta da bayanan da aka san amsarsu kafin a yarda da ita.

Tambaya: Malam gaisuwa. Ina son fannin nan amma a gida ana ce min ba shi da amfani. Da gaske ne? In kuma zan bi ta ina zan fara? Daga wani matashi a Zangon Kumasi.

Amsa: Ɗana ka nuna musu taswirar da ke wayarsu. Taurarin GPS suna nisan kilomita kamar 20,200 a sama inda girabiti ya fi sauƙi, agogonsu yana wuce namu da kashi 38 cikin miliyan na daƙiƙa kullum, in ba'a gyara da lissafin Einstein ba kuskuren wuri zai riƙa taruwa kusan kilomita 10 a rana. Shi ɓoyayyen makamashi kam bazan ce maka zai kawo wuta ko ruwa ba, neman sani ne tsantsa, amma wanda ya koyi lissafinsa da sarrafa bayanai masu yawa hannunsa baya rasa aiki.

Ka riƙe kalkulas da aljabra na jeri da ƙididdiga da kyau, ka koyi Python, wato wani harshen rubuta manhajar kwamfuta. Bayan digirin farko akwai cibiyar koyar da lissafi ta AIMS wadda masanin sararin samaniya Neil Turok ya kafa a 2003 kusa da Kef Tawun, tana da reshe nan Gana da Senegal da Kamaru da Ruwanda, kuma waɗanda aka ɗauka karatun digiri na biyu ana ɗaukar nauyinsu. A Kuntunse kusa da Akara akwai faranti mai faɗin mita 32 da aka mayar na sauraron sama aka buɗe a 2017, a Najeriya kuma akwai cibiyar nazarin sararin samaniya a Nsukka. Kafin nan ma akwai manhajoji biyu kyauta a intanet, CAMB da CLASS, masu lissafa zanen tsohon hasken nan, waɗanda su kansu masanan dasu suke aiki kuma ƙaramar laftof tana ɗaukarsu. Ka sauke ɗaya, ka sa ɓoyayyen makamashi 68 ka zana abinda ya fito, ka mayar dashi sifili ka sake zanawa, ka ɗora duka biyun kan awon Planck wanda shima kyauta ne. In ka yi ka turo min hoton zanen ta adireshin filin nan, zan so in gani.